Babbakar Mashud a Jirgin Kwal

Wannan ba ta Gizo ba ce, ta Mashud ce, mutumin Kumasi da ke zaune can saman bene a Thamesmead. Gizo ma da ya san shi, da ya zo ɗaukar darasi.

Mashud gadi yake yi a wani wurin ajiye motoci a Old Kent Road, amma in ka zauna da shi kafin shayi ya huce sai ka ɗauka shi ya ba Turawa aron Landan. Babu wanda bai sani ba. In an ambaci ɗan dambe, tare suka yi makaranta. In an ambaci minista, shi ya koya masa tuƙi. Ya yi fawa, ya yi aikin jirgin ruwa, ya taɓa cire wa giwa haƙori ba tare da ta farka ba. Matarsa Anatu in ya fara sai ta jawo carbinta ta ce, "Allah ya shirya," ta ci gaba da ja.

A shekarun casa'in ɗin nan, lokacin da Babbar Salla ke faɗowa cikin zafin Turai, Hausawan unguwar, 'yan Najeriya da 'yan Gana, suna da ƙungiya guda. Layya ba ta ba su wahala, akwai wata gona a Kent da ake zuwa a yanka. Abin da ya gagara shi ne kai. Kan rago yakan zo da gashinsa, ga shi babu tsakar gida, babu inda za a hura wuta a babbake. Bara Inusah, wani ɗan unguwar Nima ta Gana mai tuƙa tasin minicab, ya gwada a barandarsa. Ƙauri ya bi bene hawa-hawa, maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana, suka zo suka yi wa kan ragon wanka, suka haɗa da Inusah. Council, hukumar da ke da gidajen, ta ce duk wanda ya sake kunna wuta a baranda ya nemi wani flat.

Ranar Idi, bayan an sauko daga masallacin Regent's Park, jama'a na zaune a kan ciyawa, Hajiya Shafa'atu ta tayar da maganar. Mijinta Dakta Zailani ne shugaban ƙungiya, ita kuma ita ce shugabar Dakta.

"Ni fa na gaji," in ji ta. "Salla babu farfesun kai, wannan ai hutun banki ne kawai. Ga rawanin Sarkin Fawa can na sa an kawo daga Zariya, yana cikin akwati asu na neman cinye shi. Duk namijin da ya kawo mini kawunan nan a babbake, shi za a naɗa. Na gama magana."

Gaban Mashud ya faɗi. Dalili kuwa, tun watan azumi ya aika wa danginsa kaset a Kumasi, ya shaida musu cewa an riga an naɗa shi Sarkin Fawan Landan da kewaye. Yayarsa ta aiko amsa tana guɗa, ta ce a turo hoto da rawani za ta rataye a falo. In Inusah ya riga shi, labari zai isa zango, unguwar Hausawan Kumasi, kafin jirgin sama.

Sai ya miƙe, ya kaɗe riga.

"Mma Hajiya, ka kwantar da hankalinka," ya ce, da yake Hausar zango ba ruwanta da mace ko namiji. "Ran Asabar ba mun yi booking na tsohon jirgin kwal zuwa Margate ba? To mene ne jirgin kwal? Murhu ne mai taya. Wutar da ke jan tarago goma, gashin rago ne zai gagare ta? Kuma council ba ta da iko a kan wutar da ke gudu."

"Wa zai bar ka ka taɓa wutar?" in ji Inusah.

"Direban abokina ne. Joni. Ni na koya masa busa usur."

"Baban Fusena," Anatu ta ce a hankali, "zauna mana."

Ina! Wanda ya hau dokin baki ba ya jin linzami. Ranar Juma'a da daddare ya bi gida-gida ya tattara kawunan jama'a daga firiza, ya loda su cikin babbar jakar nan mai ratsin ja da shuɗi. Da safe ya saka farar shaddarsa da ta sha sitaci, ya ɗauki lema don ado, ya ce sarki ba ya zuwa naɗinsa da kayan aiki.

Tun a bas aka fara. Karen wata tsohuwar Baturiya ya shinshina jakar, ya zauna a gabanta ya ƙura ido, yana kuka ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon sadaka. Tsohuwar ta ce bai taɓa yin haka ba. Mashud ya ce ai dabbobi sun san shi.

A tashar Victoria jama'a sun riga sun taru, mata da kuloli, maza da tabarmin salla. Dakta ya hango shi yana jan jaka ya ce, "A'a, Malam Mashud, ashe har yanzu Gana ba ta gama tafiya ba?"

"Dakta, jakar da kuka kore mu da ita ce. Yau ga ta ɗauke da Sallarku."

Aka yi dariya, Mashud ya ƙara faɗi. Ga inji can gaba, baƙi wuluk, yana huci kamar sa ya ga wuƙa, Turawa sun kewaye shi da kyamarori. Mashud ya ratsa su, jama'arsa na biye, ya ɗaga lema sama.

"Joni! Joni, my brother!"

Direban, wani dattijo mai jan fuska, ya leƙo. Ya dubi Mashud, ya waiwaya bayansa ko akwai wani Joni, bai ga kowa ba. Ya ce, "Stand back, please."

"Me ya ce?" in ji Hajiya.

"Gaisuwarmu ce ta ma'aikata. In manyansa na kusa sai mu yi kamar ba mu san juna ba. Sai mun isa."

Inusah ya ce, "Lallai ya iya. Ko ni na yarda bai san ka ba."

Aka busa usur, aka shiga. Taragon irin na da ne, ɗaki-ɗaki, kujeru masu laushi suna kallon juna, da raga a sama ta ajiye kaya. Mashud ya cicciɓi jakar ya ɗora a raga, ya zauna ya harɗe. A ƙarƙashin jakar kuwa wani Bature ne mai sanƙo, ya riƙe rikoda a cinya, ya miƙa makirfo ta taga yana ɗaukar kukan inji. Irin mutanen nan ne da ke biyan kuɗi su ji ƙarfe na tari. Duk wanda ya yi motsi sai ya ɗora yatsa a baki ya ce, "Shhh."

Mashud ya ba shi labarin yadda ya taɓa tsayar da jirgin Takoradi da hannu ɗaya. Baturen ya ce shhh. Mashud ya ce wa Anatu mutumin ya cika da mamaki ne.

Rana ta ɗaga, tarago ya ɗumama, abin da ya fito daga firiza ya fara tuna asalinsa. Ɗigo na farko ya sauka tsakiyar sanƙo, ɗis. Baturen ya shafa, ya duba taga ko ruwa ake. Na biyu ya sauka a kan burodinsa. Ya ɗaga kai. Ƙaho ya huda jakar, ta ɓarke, ga rago ya leƙo da ido ɗaya da harshe a waje, yana kallonsa kamar shi ma yana son ya ce shhh.

Ihun da Baturen ya yi ya shiga rikodar tsaf, ya danne kukan inji.

Mai gadin jirgi ya zo da gudu. Mashud ya yi masa bayani cewa tsaraba ce. Mai gadi ya toshe hanci ya ce ko tsarabar sarauniya ce a fitar da ita can ƙarshen tarago, bakin ƙofa. Anatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya tana kallon shanu a gonaki kamar ita ta haife su.

A bakin ƙofa Mashud ya sauke gilashin taga don ƙarni ya fita. Sai ya ga hayaƙi na wucewa, a cikinsa da tartsatsin wuta ja-ja. Nan take dabara ta faɗo masa. Ina ruwansa da Joni? Ga wuta na zuwa har inda yake, kyauta. Ya zaɓi kan da ya fi girma, na gidan Dakta, mai ƙaho murɗe biyu, ya soke shi a tsinin lema, ya miƙa waje da hannu biyu.

Inusah, wanda ya biyo shi don kada a ba shi labari, ya jingina da bango.

"Masa," ya ce, yadda 'yan Gana ke kiran maigida, "babbaka kake ko shanya?"

"Kai ka yi shiru. Wanda aka yi wa wanka da tiyo ba ya koya wa mutane wuta."

"Ni dai nawa kan ya dawo gida, ko da a jiƙe."

"Wannan kimiyya ce. Iska na hurawa, tartsatsi na ci. Kafin mu isa—"

Inji ya yi kururuwa, duniya ta yi duhu. Jirgi ya shiga ramin da aka haƙa masa a ƙarƙashin tudu. Hayaƙin da ke tashi sama ya rasa hanya, ya ga taga a buɗe, ya shigo gaba ɗaya. Aka ji gwaram. Aka ji tari, aka ji salati, aka ji Inusah na cewa a taka masa ƙafa a hankali.

Da haske ya dawo, Mashud na tsaye riƙe da mariƙin lema, sauran babu. Kan ragon Dakta kuwa har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Farar shadda ta koma kalar gindin tukunya, fuska babu abin da ake gani sai idanu da haƙora.

"Inusah, ɗan'uwana," ya ce, "mu 'yan ƙasa ɗaya ne. Abin da ya faru a rami ya zauna a rami."

"Wallahi ba zan faɗa wa kowa ba," in ji Inusah, "sai Hajiya."

Ba a jima ba sai ga ta, tana tafe tarago na rawa tana rawa da shi.

"Malam Mashud, ina kan ragona?"

"Mma Hajiya, ya sauka a hanya."

"Ya sauka? Tikitin rabin hanya ka yankar masa?"

"Gwaji ne. Babu injiniyan da ba ya gwaji. Wanda ya ƙera jirgin nan kansa sai da ya ɓata guda uku."

"Da na gidan ubansa ya yi gwajin, ba da na maƙwabta ba. Ragon da na zagaya gona na zaɓa da kaina! Dakta, kana ji?"

Dakta daga nesa ya ce yana ji, Allah ya mayar da alheri.

"Saura su fito lafiya," in ji Hajiya. "In ba haka ba, rawanin nan ko a mafarki ka gan shi ka yi a'uziyya."

Aka isa Margate gab da azahar. Jama'a suka gangara bakin teku, aka shimfiɗa tabarmi a kan yashi, aka yi salla, aka buɗe kulolin dafa-duka. Mashud shi ma ya yi tasa a gurguje a kan dandamalin tasha, ya roƙi Allah ya rufa asiri, sannan ya ja jakarsa zuwa wurin inji.

Ya yi sa'a. Mai zuba wa inji kwal wani ƙaton Bature ne mai fara'a, sunansa Teri, yana zaune a bakin matakala yana shan iska. Ya ga mutum baƙi ƙirin da hayaƙi ya ɗauka ɗan'uwansa ne a sana'a. Mashud ya buɗe jaka, ya nuna kai, ya nuna wuta, ya ja gashin ragon ya yi fuuu da baki. Teri ya kwashe da dariya har da dukan cinya. Ya ce kakarsa ma takan dafa kan tunkiya lokacin yaƙi, bai sake gani ba sai yau. Ya ce a hau.

Da ya buɗe ƙofar wutar, Mashud ya ja da baya. Wuta ce fara fat, tana gurnani. Ya tuna wa'azin da ya sha ji, ya yi niyyar rage ƙarya daga wata mai zuwa.

Teri ya ɗauko shebur ɗinsa mai dogon hannu, ya goga masa wani abu daga cikin gwangwani, ya ce a ɗora. Mashud ya ɗora kan gidan Inusah, wanda ya gane da jan tsumman da aka ɗaura a ƙaho. Aka zura. Gashi ya fara ƙonewa, cir-cir-cir. Daidai lokacin direba, wanda bai san me ake ba, ya murɗa wani ƙarfe don ya gwada iskar da ke jan wuta. Inji ya ja numfashi. Kan ya tashi daga shebur kamar an kira sunansa, ya shige can ƙurya. Bututun sama ya yi gyatsa, ƙauri ya rufe tasha, wata mata mai sayar da askirim ta fara duba ƙasan takalminta.

Teri ya dafe kai yana ba da haƙuri.

"No problem," in ji Mashud. "Mai shi ya saba."

Daga nan abu ya yi kyau. Teri na zurawa yana juyawa, Mashud na kankarewa da wuƙa. Kawuna suka fito jawur, fata ta ɗaure, suna sheƙi kamar an shafa musu man shanu. Ko a mahautar Kumasi bai taɓa ganin babbaka irin wannan ba. Ya jera su a kan jarida a dandamali, ya ruga bakin teku yana ɗaga hannu.

"Jama'a! Ku zo ku ga aikin maza! Dakta, taho da rawani!"

Aka taso duka, har da masu cokali a hannu. Hajiya ta sunkuya ta duba, ta juya kai ɗaya, ta ƙwanƙwasa, ta shinshina.

"Gaskiya dai gaskiya ce," ta ce. "Ya babbaku."

"Ina nawa?" in ji Inusah.

"Naka ya shiga aikin jirgi," in ji Mashud. "Da shi za mu koma Landan, ka yi alfahari."

Anatu ta saki mayafinta, ta dubi mijinta. Shekara da shekaru yau ne karo na farko da ya ce zai yi abu kuma abin ya yiwu. Har ta ji ƙwalla.

Mashud ya hau kan wani benci ya yi jawabi. Ya ce shi da Teri tare suka taso, shi ya koya masa riƙon shebur. Ya ce daga bana duk Hausawan Ingila, har na Manchester, su riƙa aiko da kawunansu ta hannunsa. Ya sa wuƙa ya yanko gefen kunne guda da ya gasu, ya jefa a baki.

"Kun ji? Akwai wani ɗanɗano a wutar jirgi da babu shi a wutar gawayi. Wani maiƙo-maiƙo. Sai wanda ya sani."

Dakta ya warware rawani, ya yi bisimilla, ya fara naɗawa. Zagaye na farko, zagaye na biyu. Wani ya saita kyamara saboda hoton Kumasi.

Can sama a kan inji kuwa, Teri ya ga aikin baƙi ya ƙare, yunwa ta taso masa. Ya jawo shebur ɗin nan dai, ya sake goga masa abin gwangwani, ya buɗe wata takarda, ya shimfiɗa wasu yankakkun nama sirara masu ratsin fari da ja, ya fasa ƙwai biyu a gefe, ya zura a wuta yana fito. Wani ƙamshi ya taso wanda duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban shagon karin kumallon Turawa ya san shi.

Hannun Dakta ya tsaya a iska. Ya ɗaga murya cikin ladabi ya tambayi Teri da Turanci mene ne wannan yake soyawa.

"Bacon!" in ji Teri da murna. Ya ɗaga shebur ɗin kowa ya gani. Ya ce al'adar masu jirgin kwal ce tun kakanni, a kan shebur ake soya abinci. Ya ce wannan nasa ya fi shekara ashirin yana soya naman alade a kai, sabulu bai taɓa taɓa shi ba, sirrin daɗin ke nan. Ya nuna gwangwanin ya ce kitsen da ya tara ne, kuma bai yi wa baƙi rowa ba, kowane kai sai da ya shafa masa isasshe don kada ya kama.

Babu wanda ya nemi fassara. Yaran da aka haifa a Landan ma sun riga iyayensu ganewa, suka ce "Eww" baki ɗaya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajiya.

Kunnen rago na bakin Mashud. Haɗiyewa ba dama, tofarwa a gaban jama'a ba dama. Ya tsaya a kan benci kumatu a kumbure, idanu na zagayawa.

"Sarki," in ji Inusah, "yaya maiƙo-maiƙon? Sai wanda ya sani."

Mashud ya diro ya nufi kwandon shara. Dakta bai saki bakin rawani ba, don haka yana gudu rawani na warwarewa, har ya isa kwandon da kansa tsirara.

Teri ya ga fuskoki sun canza, ya sauko yana tambaya ko ya yi laifi. Da Dakta ya yi masa bayani, sai ya cire hula, ya yi ja har kunne, ya ce wallahi da an faɗa masa da ya ɗauko sabon shebur, ga shi can rataye ba a taɓa amfani da shi ba.

"Ba laifinka ba ne, bawan Allah," in ji Hajiya. "Dakta, tambaye shi, shi da suka taso tare, bai san abokinsa Musulmi ba ne?"

Dakta ya tambaya. Teri ya dubi Mashud da kyau ya ce bai taɓa ganinsa ba sai ɗazu, ya ma ɗauka mai share bututun hayaƙi ne.

Aka yi ca. Wannan na cewa kan gidansa, wancan na cewa layyarsa. Wata ta ce ita ko da zinare aka wanke ba za ta sa a tukunyarta ba. Dakta, mai son sulhu, ya ce shi likita ne ba malami ba, amma ya san ruwan teku mai tsarki ne, sai dai a tambayi malamai ko wanki na isa a irin wannan.

Mashud bai jira ƙarshen maganar ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya kwashe kawunan ya zuba a jaka, ya saɓa a kafaɗa.

"Ga teku nan! Ni da na yi shekaru a jirgin ruwa! Yanzu zan dawo da su tas!"

"Baban Fusena, ko a baho ba ka iya zama," in ji Anatu. Bai ji ba.

Ya ratsa Turawan da ke kwance suna shanya jiki, ya shiga ruwa da shaddarsa, jama'a na biye har gaɓa. Ruwa ya kai gwiwa, ya ce wash saboda sanyi. Ya kai ƙugu. Ya tsoma jakar, ta sha ruwa ta yi nauyi, ya ja, hannunta ya tsinke. Sai ga igiyar ruwa ta taso ta mare shi a ƙirji, ya zauna. Da ya ɗago, kawuna sun fito suna iyo a jere, ƙaho a sama, suna sunkuyawa suna ɗagowa kamar masu gaisuwa.

Wata Baturiya da ke wanka ta juyo ta yi ido biyu da ɗaya. Ihunta ya kwashe rabin tekun zuwa tudu. Mai tsaron gaɓa ya dinga busa usur. Fararen tsuntsayen teku, waɗanda ba su da mazhaba, suka sauko suka hau kan kawunan suna rabo. Mashud ya kai wa ɗaya cafka, ruwa ya sake kifar da shi. Sai da Inusah ya naɗe wando ya shiga ya jawo shi ta wuyan riga.

Dakta ya sa hannu a goshi yana hangen kawunan suna nisa.

"Faransa suka nufa," ya ce. "Allah ya sa can sun iya farfesu."

Nan a kan yashi aka naɗa Inusah. Hajiya ta ce ko ba komai shi wuta ɗaya ya taɓa ɓatawa, kuma ya ceci rai. Inusah ya ce ya ma tuna akwai fili a bayan garejinsu na minicab, ba baranda ba ce, ba ruwan council. Aka ɗauki hoto. A gefen hoton, in ka duba da kyau, akwai wani mutum a tsugune cikin zanen mace yana rawar sanyi.

Anatu ta zuba masa shayi daga fulas. Ya karɓa yana kaɗa haƙora.

"Shi ke nan, Anatu. Rawani ya tafi, lema ta tafi. Har kan ragonmu ya tafi Faransa."

"Namu yana firiza."

"Wane firiza?"

"Na gida. Kana wanka da safe na cire shi daga jakar. Yau na fara aurenka?"

Mashud ya ji wani daɗi ya ratsa shi har ya manta sanyi. Ya matso ya rage murya. "Allah ya yi maka albarka. To ka yi shiru, kada kowa ya ji. Mu biyu, mu rufe ƙofa."

"Na ji," in ji Hajiya daga bayansu. Ta juya ta tafa hannu. "Jama'a, Allah ya rufa asiri, kai ɗaya ya tsira! Gobe bayan azahar kowa ya zo gidan Malam Mashud da kwanonsa. Malam Mashud, da sassafe ka kai wa Sarkin Fawa ya babbake. Ka kuma gaishe shi yadda ake gaida sarki."

Haka kuwa aka yi. Ya kai, ya rusuna, ya ce ranka ya daɗe da murya kamar ta mai ciwon haƙori. Anatu ta yi farfesu, ta tsawaita romo yadda zai zagaya. Dakta ya sami harshe, Hajiya ta ɗauki ƙwaƙwalwa a madadin ragonta, Sarki ya ci ido, sauran jama'a suka tsoma burodi. Da aka zo kan maigida, tukunya ta yi fayau, sai ƙaho guda da aka manta a bakin sinki.

Yana nan har yanzu a kan talabijin ɗinsa. In ka je ka tambaya, zai ce maka na ɓauna ne, da hannu ya kashe ta.